Abin da Ƙanwata ta Ajiye a Kwando

Da sunan Allah nake buɗe kowace takarda, mai daɗi da marar daɗi. Wannan tana cikin marasa daɗin.

Ordinatar, wato kwamfutar, da ke shagon ƙofar gidanmu a Dakoro ba ni na kawo ta ba. Ɗan ƙanwata ne ya shigo da ita wata rana a bayan moto, ɗaure da igiyar roba kamar tunkiyar da aka sayo a kasuwa. Tsohuwa ce, wani biro ne, wato ofis, ya gaji da ita. Tana da babban akwati da ke zaune a ƙasa yana gurnani, da gilashi a kan tebur, da allon haruffa, da ɗan abin nan mai wutsiya da ake turawa da hannu, wanda ya ce mini sunansa kusu. Na ce Allah ya kyauta, mun kori kusu daga rumbu ya dawo mana ta ɗaki.

Shi aikinsa allurar dabbobi. Yana bin rugage da rijiyoyi, daga nan zuwa Korahane, zuwa Bader Goula da abin da ya wuce. Amma akwai aikin da ya fi so. Yakan naɗi sanarwa domin makiyaya, ya kai a saka a rediyon gari: ciwon huhu na shanu, lokacin allura, yadda ake gane akuyar da ta haɗiye leda. Wani lokaci yakan naɗo maganar makiyayan da kansu a bakin rijiya, ya dawo ya yanka ya haɗa. In zai naɗi tasa muryar sai ya rufe ƙofar shago, ya roƙi a kore masa zakara. Muryarsa mai kauri ce, ba ya sauri, kuma sai ya yi gyaran murya kafin ya yi sallama. Duk waɗannan muryoyi ya tara su a dosiye guda, wani ɗan hoton jaka mai ruwan ɗorawa a tsakiyar gilashin.

Uwarsa ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Bayan rasuwar mijinta ta dawo gidanmu tare da shi. Shi ne ɗanta na fari, waɗanda suka biyo bayansa ba su rayu ba. Tunda na fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wancan" take cewa, ko "yaron nan". Ba ta zama inda yake zaune. In aka yabe shi a gabanta sai ta tashi duba tukunya. Ran da aka fara jin muryarsa a rediyo matan unguwa suka shigo yi mata barka, ta ce ita ba ta ji ba, daka take yi. Na san ta ji, domin ina cikin gida lokacin da taɓarya ta tsaya.

Ni karatun allo na yi, da ajami nake rubutu, boko kuwa sai da na girma na tsinci kaɗan. Shi ya matsa mini sai na koyi na'urar, wai hannuna ya fara rawa kuma mutane ba su daina kawo mini wasiƙunsu ba. Ya sa mata haruffan Larabci, ya yanka ƙananan takardu ya manna a kan kowane maɓalli. Ya nuna mini maɓallai biyu da ake dannawa tare rubutu ya juya ya faro daga dama. Sau da yawa nakan danna su ban sani ba, in ɗaga kai in tarar Hausata ta koma wani shirme na haruffan nasara. Sai in ƙwala masa kira. Yakan zo yana dariya.

"Kawu, ba aljani ba ne. Yatsanka ne."

Wata la'asar na ɓata wata wasiƙa, ya ce in jefar da ita in fara sabuwa. Na tambaye shi ina zan jefa. Da Bismillah ta fara. Mu ba mu taso muka ga ana zubar da takarda mai sunan Allah a juji ba, ana ƙona ta, ko a binne, ko a cusa a tsagar bango. Ya nuna mini wani ɗan hoto a kusurwar gilashin, ya ce nasara suna ce masa korbey. Na ce mi ke nan da Hausa. Ya dube ni, na ga yana neman kalmar da ba za ta tayar mini da hankali ba.

"Kwando ne, Kawu. Ba juji ba ne. Abin da ka sa ciki bai ɓata ba, shina nan a rufe. Ran da ka so shi sai ka buɗe ka jawo shi waje."

Ya nuna mini. Ya kama wasiƙar da kusu, ya ja ta, ya sake ta a kan kwandon, ta ɓace daga gilashin. Ya buɗe kwandon, ga ta nan zaune. Ya jawo ta waje. Ya maimaita ya sake maimaitawa, domin hannuna nauyi gare shi. Uwarsa tana zaune daga ƙofar shagon ta cikin gida tana ɓarar gyaɗa, ta ba mu rabin baya. Daga ni har shi babu wanda ya lura ko tana kallo.

Sai daga baya, muna kan hanyar masallaci, ya gaya mini sauran maganar. Ya ce kwandon na shara ne, ana zazzage shi in ya cika, ya ce mini kwando ne kawai don kada in ƙi taɓa na'urar. Na ce to, nawa a bar mini shi kada a zazzage. Ya ce an bari. Ran nan uwarsa ba ta wurin.

A ƙarshen wata bazara ya fita allura wajen Bader Goula, moto ya kayar da shi a cikin rairayi. Masu amalanke ne suka same shi. Wayarsa ta farfashe a aljihunsa. Aka kawo shi, muka yi masa sutura, muka kai shi. A zaman makoki ƙanwata ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ita ce ma ke zagayawa da ruwa. Mata suna ta cewa ba su taɓa ganin haƙuri irin nata ba.

Na daɗe ban buɗe shagon ba. Da na buɗe, sai na kunna na'urar na ci gaba da wasiƙun mutane, ina kawar da ido daga dosiyen nan mai ruwan ɗorawa. Ban taɓa buɗe shi ba. Na san abin da ke ciki, kuma na san ƙirjina ba zai ɗauka ba.

Wata ranar kasuwa na bar na'urar a kunne na fita, zafi ya koro ni gida da wuri. Ina isowa bakin zaure na ji gyaran muryarsa, sannan sallama. Na tsaya cak. Yana bayani a kan tsutsar ciki ta tumaki, a hankali, kamar yadda ya saba. Da na leƙa sai na ga takalman ƙanwata a ƙofar shago. Na juya na koma waje, na zauna a gindin itacen bedi har muryar ta yi shiru, na ƙara jinkiri, sannan na shigo da sallama mai ƙarfi. Na tarar da ita tana wanke ƙwarya.

Ban ce mata komai ba, ita ma ba ta ce ba. Daga ran nan kullum da hantsi nakan kunna na'urar, in bar shagon a buɗe, in sanar da gida da babbar murya cewa na tafi kasuwa sai azahar. Ko ba ni da abin yi a kasuwar nakan tafi. In na dawo nakan tarar da kusu yana ɗan maiƙo, domin ƙuli-ƙuli take yi. Na bar shi haka, ba na gogewa. Wannan muryar ita ce abin da ya rage mata, kuma hantsin nan ne kaɗai take zama da ɗanta ɗaki ɗaya, abin da ba ta yi ba yana raye.

Ana haka na'urar ta fara ciwo. Da farko jinkiri ne. In na kunna ta sai in yi alwala in dawo ba ta gama farkawa ba. Sannan ta fara ƙamewa a tsakiyar rubutu, kusu ya ƙi motsi, wani ɗan zobe yana ta juyawa. Abin da yaron ya koya mini shi nake yi: in jira, in ta ƙi in danna babban maɓalli in riƙe har ta mutu, in sake tayar da ita. Kuran, wato lantarki, ma bai taimaka ba, yakan ɗauke tana cikin aiki, in ya dawo sai gilashin ya yi shuɗi da rubutun Faransanci, wasu lambobi suna hawa suna komawa baya. Daga nan wata ƴar takarda ta riƙa fitowa daga ƙasa, in rufe ta ta dawo. Na kwafe haruffanta da bik, alƙalamin boko, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da na san abin da suke faɗa ba.

Ƙanwata ce ta fara magana. Ta kawo mini tuwo, ta ajiye, ta tsaya tana gyara murfin da ba ya bukatar gyara.

"Yaya, abin nan na shago kamar ba shi da lafiya."

Na ce na gani. Ta ce ita dai ta ji yana ƙara ne in ta wuce. Na ce za a kira mai gyara. Ta ɗan tsaya, na ga maganar ta zo mata har baki, sai ta ce Allah ya sa a dace, ta fita.

Mai gyaran tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, da ya yi ritaya ya buɗe wurin buga takardu kusa da kasuwa. Duk gari Mushe ake ce masa, wato malam da Faransanci. Tare muka taso, shi aka kai shi lakwal ni aka kai ni allo, kuma tun daga lokacin ba mu bar tsokanar juna ba. Yakan ce rubutuna sawun kaji ne, ni kuma in ce nasa yana tafiya ta hagu kamar mai cin abinci da hannun da bai dace ba. Na kai masa abin da na kwafe, ya riƙe takardar nesa da ido, ya ce ko nasaran da ya rubuta ba zai gane wannan ba. Amma ya gane. Ya ce na'urar tana kukan cikinta ya cika, babu wurin numfashi.

Ya zo gida da ƴar jakarsa. Kafin ya taɓa komai na riƙe hannunsa na nuna masa dosiyen. Na ce masa duk abin da zai yi ya yi, ko wasiƙuna duka za su tafi su tafi, amma wannan kada ya sami ko ƙwarzane. Ya san yaron, shi ya koyar da shi a aji. Bai yi wasa da maganar ba. Ya ciro kile, ɗan ƙarfen nan da bai kai yatsa ba, ya soka, ya kwafe dosiyen gaba ɗaya. Ya buɗe ya nuna mini cewa ga abubuwa nan jere a ciki. Ya tambaye ni ko a kunna guda a tabbatar. Na ce a'a. Ya gyaɗa kai, ya zare kile ɗin ya sa mini a aljihu.

Daga nan ya shiga aiki. Ya buɗe akwatin ya hure shi, ya nuna mini gidan gizo-gizo a jikin fanka, ya ce ashe har gizon almara nake kiwo. Ya nuna mini wani jan layi a gilashin, ya ce wannan shi ne cikin, in ya koma shuɗi an warke. Ya cire wasu abubuwa da ya ce ba su da amfani. Sannan ya kai kusu kan kwando, yana magana hannunsa yana aiki, ya ce wannan ma tun zamanin wa ba a zazzage shi ba. Wata ƴar tambaya ta fito, ya amsa mata kafin in buɗe baki. Na ji wata ƙara kamar an murƙushe takarda.

Na ce masa, Mushe, wasiƙuna masu Bismillah ne a ciki. Ya ce in kwantar da hankali, ba a zubar da su a ko'ina ba, wanke allo ne. Na ce in an wanke allo ai ana sanin inda ruwan ya tafi. Ya ce wannan tambayar ta fi ƙarfin lakwal. Na yi istigfari na haƙura. Abin da ya dame ni ke nan a lokacin.

Sai ya matso da fuskarsa kusa da gilashin. Jan layin ya ja baya sosai, ya koma shuɗi.

"Malam, mi ka tara haka a kwando? Wasiƙunka na da nauyi kamar buhunan gero."

Na ce kalmar Allah ce, dole ta yi nauyi. Muka yi dariya. Tunda wuri ya samu, ya ce bari ya ƙarasa alheri. Na'urar ta daɗe tana neman sabbin gyare-gyaren da ake turo mata ba ta da wurin ajiye su, shi ya sa take hawa tana komawa baya. Ya jona ta da wayarsa, ta sha abin da za ta sha, ta mutu ta farka da kanta har sau nawa. Ya ƙara mata maganin birus, cutar da ke kama na'ura. Kafin magariba tana gudu kamar maraƙi. Na raka shi har bakin titi ina sa masa albarka.

Washegari da hantsi na kunna, na yi sanarwata, na tafi kasuwa. Da na dawo takalmanta suna nan a ƙofar shago. Na yi sallama, na yi tari, ba ta fito ba. Na shiga. Tana zaune a kan kujerarsa, hannunta a kan kusu. Ta buɗe kwandon, gilashin fari fat, babu komai a ciki. Ba ta juyo ba.

"Yaya, wa ya taɓa kwando?"

Na ce Mushe ne ya zazzage shi, wasiƙuna ne kawai da suka ɓaci. Na ciro kile ɗin daga aljihu, na ce kada ta damu, dosiyen yana nan, har an yi masa na biyu. Wannan ne karo na farko da na nuna mata na sani. Ba ta ji kunya ba, ko ta ji ban gani ba.

"Ba shi cikin dosiye," ta ce. "Na kwashe shi."

A hankali ta gaya mini, idonta a kan gilashin. Tun farkon shigarta shagon ta ga dosiyen yana tsakiyar gilashi inda kowa ke gani. Mutane suna shigowa a rubuta musu wasiƙa, wani ya jingina, wani ya taɓa. Ta ji tsoron kada wata rana hannu ya goge shi. Sai ta tuna abin da yaron ya ce ran da take ɓarar gyaɗa, cewa abin da aka sa a kwando bai ɓata ba, yana nan a rufe. Ita kuwa duk abin da take ji da shi a duniya a kwando yake, mai murfi, a ƙarƙashin gado: zanen aurenta, awarwaron uwarmu, hular da ya sa ran suna. Sai ta bi muryoyin ɗaya bayan ɗaya tana saurare. Duk wanda ya yi magana a ciki, ko da gyaran murya ne, ko dariya daga nesa, ta ja shi ta kai kwando. Ta bar na makiyaya zalla da busar sarewa. Kullum takan jawo guda, ta saurara, ta mayar ta rufe.

Na tambaye ta me ya hana ta gaya mini ran da na ce za a kira mai gyara. Tambayar ta fita ne kafin in riƙe ta.

"In ce maka mi, Yaya? In ce ina zuwa jin wa?"

Na koma wurin Mushe da rana tsaka. Da na gama faɗa masa sai ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur. Abin da ya fara tambaya shi ne ko na'urar tana kunne. Na ce eh. Ya ce mu je a kashe ta yanzu, kada a ƙara rubuta ko harafi. A hanya ya yi mini bayani. Ya ce zazzage kwando ba ya kashe abu nan take. Kamar sawun shanu ne a bakin rijiya, garken ya tafi amma sawun yana nan, mai ido zai iya bi. Abin da ke ɓata shi shi ne wani garke ya zo ya taka. Sannan ya ce, jiya kuwa shi da hannunsa ya koro babban garke ya bi ta kai.

Ya kwance akwatin ya ciro wani ƙarfe mai faɗin tafin hannu, ya ce nan komai yake. Ya naɗe shi a hularsa ya tafi da shi. Kwanakin da suka biyo baya a wurinsa nake wuni. Ya jona ƙarfen da tasa na'urar, ya sa wani abu yana tono. Ya daina karɓar aikin mutane. Abubuwa suka riƙa fitowa babu suna, sai lambobi. Muna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu shuuu kawai suke yi kamar ruwan sama a kan kwano. Wasu sun ƙi buɗewa sam. Wasiƙuna kuwa masu Bismillah duk sun dawo, ko ɗigo bai faɗi ba. Mushe ya ce ƙanana ne, ƙafar garken ba ta same su ba. Ban taɓa kallon rubutun hannuna na ji abin da na ji ran nan ba, na yi ta neman gafarar Allah a kan abin da ya ɗarsu a zuciyata.

Mun nema a waje ma. Na je gidan rediyon, suka karɓe ni da mutunci, suka duba, suka ce sanarwar da lokacinta ya wuce ba a ajiye ta. Abokan aikinsa kowa ya laluba wayarsa. Wani ya sauya waya, wani tasa ta faɗa rijiya, wani ya share don wuri. Ni wayata ta maɓalli ce. Uwarsa kuwa bai taɓa aika mata murya ba, ai ba a yi.

Ana gab da fid da rai sai guda ya buɗe. Muka ji cara, muka ji taɓarya daga nesa. Mushe ya ɗaga hannu. Muka saurara har ƙarshe, ba shi da tsawo. Ya dube ni na dube shi. Ya ce ko a bar shi kada a kai mata. Na ce nata ne, ba mu da ikon ɓoyewa.

Ya mayar da ƙarfen cikin na'urarmu, ya sa abin a kan kile, ya kuma ajiye shi a tsakiyar gilashi. Ya fita zaure ya zauna. Na kira ƙanwata. Ta shigo ta tsaya, ba ta zauna ba. Na danna.

Zakara ya yi cara. Taɓarya tana sauka, sai ta tsaya. Sannan muryarta ita kanta, daga cikin gida, da ƙarfi: "Kai, wancan, a zo a sha fura kafin ta yi tsami." Kujera ta yi ƙara, kamar mutum ya juya. Aka ji ya ja numfashi zai amsa. Daga nan sai shuuu, har ya ƙare.

Ta ce in sake. Na sake. Ta matso da kunnenta kusa da lasifika daidai wurin numfashin. Da ya ƙare ta miƙe tsaye.

"Cewa ya yi, to Inna, bari in gama da shanun mutane."

Na ce Allah ya jiƙansa. Ta ce amin. Ta fita ta zaure, ta tarar da Mushe ya sunkuyar da kai. Ya fara ba ta haƙuri. Ta ce masa babu komai, gyara ya zo yi kuma ya gyara, Allah ya saka da alheri. Ta tambayi iyalinsa. Na ga da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Tun daga ran nan bai sake ce wa rubutuna sawun kaji ba, ni ma na bar tsokanarsa. Mukan gaisa a masallaci kamar mutanen kirki.

Kile ɗin na ba ta, ta ƙulle shi a bakin zane. Ban san inda ta kai shi ba, ban kuma tambaya ba. Ba ta sake shiga shagon ba. Na ci gaba da kunna na'urar da hantsi ina sanar da tafiya kasuwa, na ɗan lokaci, amma in na dawo kusu a bushe yake. Daga baya na daina.

Na'urar tana nan, lafiyarta ƙalau, da ita nake wannan rubutu. Takardun da ya manna a kan maɓallai sun fara ɓarewa, nakan mayar da su da ƙaro. In na ɓata wasiƙa yanzu nakan bar ta a gilashin, har sun cika shi. Mushe ya aiko a gaya mini cewa hakan zai sake nauyaya ta. Na ce a gaya masa na ji.

Damina ta wuce, aka yi girbi. Wata rana ina zaune a tsakar gida ina gyaran carbi, ƙanwata tana tankaɗe a gefe. Ta dakata, rariya a hannunta.

"Yaya, in ya ce to, ja yake yi ko yankewa?"

Na san wa take nufi. Na rufe ido na neme shi. Na ga bakinsa, na ga yadda yake karkata kai in zai amsa, na ji gyaran muryar. Kalmar ce ban ji ba. Na gwada ta a zuciyata da ja, ta yi daidai. Na gwada ta a yanke, ita ma ta yi daidai. Tana kallona tana jira, kuma ban saba yi mata ƙarya ba.

Na ce, "Ban tuna ba."

Ta ce ita ma da safen nan ta neme ta ta rasa. Ta ci gaba da tankaɗe.